Kwana Huɗu a Bakin Teku da Dogon Madubi

Da kwamitin wannan mujalla suka aiko mini da takarda cewa in rubuta wani abu da Hausa, na so in ba su labarin lambun makaranta kamar yadda na yi bara. Amma 'yan aji biyar suka ce a'a, sai dai in faɗi yadda aka yi na samo hotunan nan goma sha ɗaya da ke manne a bangon ɗakin kimiyya. To, ga shi. Wanda ya riga ya ji labarin a aji sai ya yi haƙuri, domin akwai wuraren da ban taɓa gaya muku ba, saboda ba su ƙara mini girma.

Shekarata goma sha tara ina koyar da ilmin halittu. Kowace shekara idan muka kai babin halittun teku da na bakin kogi, inda ruwan daɗi yake haɗuwa da ruwan gishiri, sai in tsaya gaban allo in zana kaguwa, in zana igiyar ruwa, in yi bayani da murya mai ƙarfi kamar a can aka yanke mini cibiya. Alhali kuwa ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne Binuwai, shi ma daga kan gadar Makurɗi, ta tagar mota. A shekarar 2019 wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da gaske teku yakan ja da baya ya sake dawowa sau biyu a rana?" Na ce ƙwarai, na kuwa kawo mata bayanin wata da yadda yake jan ruwa, daidai yadda littafi ya ce. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, kai ka gani?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Amma tambayar nan ta bi ni har gida, ta zauna tare da ni shekara uku.

Ina da tsohuwar kyamara Nikon D3200 wadda nake ɗaukar hoton ranar wasanni da ranar ba da kyauta da ita. Madubin da ta zo da shi gajere ne, daga milimita 18 zuwa 55, ya isa a ɗauki 'yan ƙwallo sun jeru, amma in ka nufi tsuntsu da shi sai ya fito kamar ɗigon tawada. Da kwasar adashinmu na malamai ta zo kaina a 2022, sai na sayi madubi na hannu, mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300. Kuɗin ya kusa albashina na wata uku, kuma mun riga mun shirya da uwargida cewa kwanon rufin ɗakin girki za a saya da shi. Da na buɗe kwalin a gabanta, ta ɗauki madubin ta juya shi, ta leƙa ta baya, ta ajiye a hankali, ta ce, "Baban yara, wato wannan za mu kifa a kan murhu in damina ta sauka?" Ban sami amsa ba. Har yau ban tabbata cewa ni ne mai gaskiya a wannan magana ba.

Ƙanenta yana aikin walda a Ashaiman, kusa da Tema a ƙasar Gana, ya kuma daɗe yana cewa in zo. Da aka ba da hutun Kirsimati na 2022 sai na kama hanya: Jos zuwa Legas, Legas zuwa Seme, a ratsa Kwatano da Lome, a shiga Gana ta Aflawo. Na fara hango teku ta tagar mota a Lome, na kuwa yi shiru kamar yaron da aka kai birni. A Ashaiman Hausa ta ishe ni cin abinci da tambayar hanya, domin zangon garin babba ne. Bayan salla surukina ya ce, "Yaya, in dabbobi kake nema ba mutane ba, Ada za mu je." Ada Fowa tana gabas da Ankara (Ankara ta Gana nake nufi, 'yan aji ɗaya kada ku nufi Turkiyya) da kimanin kilomita 100, a daidai inda kogin Bolta yake zuba cikin tekun Atalantika. Yamma da garin akwai babban tafkin gishiri mai suna Songor, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 1992, hukumar UNESCO kuma ta amince da shi a matsayin wurin kiyaye halittu a 2011.

Bari in ɗan yi bayanin madubin, don masu sha'awa. Lambar milimita ita ce take nuna ƙarfin jawo nesa kusa. A 70 kana ganin kwalekwale da masunta da sararin sama gaba ɗaya. Ka murɗa zuwa 300, sai fuskar mutum ɗaya ta cika hoton. A irin kyamarata, wadda farantin ɗaukar haskenta ƙarami ne, 300 yana aiki kamar 450 a manyan kyamarori, wato abu yana matsowa kusan sau takwas ko tara bisa yadda ido yake ganinsa. Amfanin mai zuƙowa a bakin teku shi ne ba sai ka cire wannan madubi ka sa wancan ba, domin da zarar ka buɗe cikin kyamara iska za ta cusa mata yashi da gishiri. Amma abin da mai sayarwa bai gaya mini ba shi ne, madubin da ya ƙara girman tsuntsu sau tara, haka yake ƙara rawar hannunka sau tara. Kuma in ka zuƙo shi har ƙarshe ƙofar haskensa takan tsuke zuwa 5.6, ba ya shan haske da yawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar farko asara ce tsantsa. Na fito ƙarfe goma sha ɗaya, rana tana tsaka, yashi yana ƙuna, iska tana rawa a bisa rairayi kamar yadda take yi a kan kwalta a watan Maris. Na ɗauki hoto fiye da 400. Da dare na duba, fararen tsuntsaye duk sun zama farin fenti ba gashi ba ido, saura kuma sun yi dishi-dishi kamar an ɗauke su daga bayan babur. Ga feshin teku ya bushe a kan gilashin ya zama farin gari, ni kuwa da wautata na sa gefen riga na goge. Gishiri da yashi suka zana layi. Allah ya taimake ni akwai ɗan gilashin kariya mai araha a gaba, shi ya karɓi raunin. Surukina ya dube ni ya ce, "Yaya, wayata ma ta fi wannan." Ba ƙarya ya yi ba.

Daren nan na zauna da ɗan littafin kyamarar kamar mai shirin jarrabawa. Na gane abu uku ko huɗu. Ƙiftawar kyamara dole ta yi sauri: ga abin da yake tsaye, kada ta gaza kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ga tsuntsu mai tashi kuwa sai kashi ɗaya cikin 1,000 ko 2,000. Farin tsuntsu a gaban ruwa mai duhu yana ruɗin kyamara, sai ka rage mata haske da hannunka. A fito da asuba, rana tana bayanka. Gishiri kuma ba a goge shi a bushe. A fara hure yashin, sa'an nan a share da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwan sha.

Amma babban darasin kaguwa ce ta koya mini shi. Da safe na je gefen kogin inda ruwa ya janye ya bar laka, a gindin itatuwan nan masu tsayawa a kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Tun daga nesa na ga lakar tana motsi, da na matso sai komai ya ɓace, sai ramuka kawai. Na yi gaba, na dawo, haka dai. Ƙarshe gajiya ta sa na zauna a kan wani guntun katako, na dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, na daina motsi. Minti goma bai cika ba sai ga idanu biyu a kan tsinke sun leƙo, sai ga wasu, har filin ya cika da ɗaruruwan kaguwa. Namijin yana da hannu ɗaya ƙato wanda ya kusa girman jikinsa, ɗayan kuma ɗan mitsitsi. Da ƙaramin yake cin abinci, babban kuwa ɗaga shi yake yi yana saukewa, yana kiran mata yana gargaɗin maza. Shekara da shekaru ina zana wannan hannu a allo, ban taɓa sanin cewa rawa ake yi da shi ba. A nan kuma na ga kifin nan mai tafiya a kan laka da fikafikansa na gaba, idanunsa a kan ka kamar na kwaɗo, yana iya daɗewa a waje muddin fatarsa da ɗanshi. Hoto na uku a bangonmu shi ne. A gefen teku kuma akwai wata kaguwar, mai launin yashi, mai gudu kamar iska ta ɗauki ganye. Sai da na kwanta rub da ciki, na jingina madubin a kan jakata, na same ta. Da na ƙara girman hoton na ga kowane ido yana da ɗan tuntun gashi a samansa, abin da ido kaɗai ba zai taɓa nuna mini ba.

Ranar nan ce kuma na biya bashin 2019. Na kafa sanda a gefen kogin, daidai inda ruwa ya tsaya, na rubuta lokaci. Bayan awa shida da 'yan mintoci sandar tana tsaye cikin ruwa har wuya. Kashegari cikowar ta makara da kusan minti 50, kamar yadda littafi ya ce. Yarinyar nan ta gama makaranta tuni. In wannan mujalla ta kai hannunta, to, na gani.

Yanzu ga wurin da ban taɓa faɗa a aji ba. A bakin kogin akwai wani tudun yashi inda fararen tsuntsaye masu dogon fiffike da wutsiya mai baki biyu suke sauka su huta idan ruwa ya ciko. Ban san sunansu da Hausa ba tun da ba mu da su a gida, sai na sa musu tsattsewar teku. Sun fi ɗari biyu, duk sun fuskanci iska. Na ɗauke su a zaune har na gaji, raina kuma yana son na tashi, irin wanda ake gani a kalanda. Wani yaro ɗan shekara goma da yake bina tun safe ya gane abin da nake so. Ya nuna tsuntsayen, ya nuna kansa, ya buɗe tafin hannu. Na ba shi sidi biyu. Ya sheƙa da gudu yana ihu, garken ya tashi gaba ɗaya, na danna na danna. Suka kewaya suka sauka can gaba. Ya dawo yana dariya, na sake ba shi. Sau uku muka yi haka. A na ukun ba su sauka ba, suka miƙe cikin teku.

Wani dattijo yana zaune a inuwar kwalekwale yana ɗinkin taru, yana kallonmu. Ya kira ni da hannu, ya yi mini magana da Turancin bakin teku. Ya ce su waɗannan tsuntsaye su ne suke nuna wa masunta inda ƙananan kifi suka taru, ya ce a da yara suna kama su da tarko a wannan gaɓa, an sha wahala kafin a hana, yanzu kuma ga babban mutum da furfura ya zo yana biyan yaro ya kore su. Bai ɗaga murya ba. Ya koma kan ɗinkinsa, ya bar ni a tsaye da madubina a wuya.

Abin da ya faɗa gaskiya ne. A 1985 aka kafa wani shiri na ceton tsuntsayen gaɓar teku a Gana, tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, musamman saboda wani irin tsattsewar teku mai ɗan ja-ja a ƙirji, wanda yawancin na Turai suke ƙyanƙyasa a wani ɗan tsibirin dutse mai suna Rokabil kusa da Dablin, su zo Afirka ta Yamma su yi hunturu. Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta Jami'ar Gana ta yi shekaru tana ƙidayar tsuntsayen wannan gaɓa, aka kuma kafa ƙungiyoyin yara a makarantu don su bar tarko. Da dare ina duba hotunan da na ɗauka kafin korar, sai na ga wata mai baƙin baki da ɗan rawaya a tsininsa, a ƙafarta akwai zoben ƙarfe. Ban iya karanta lambar ba, 300 bai kai nan ba. Amma na san wani mutum a wata ƙasa mai sanyi ya riƙe wannan tsuntsuwa a tafin hannunsa ya sa mata zoben, ta yi tafiyar dubban kilomita ta iso wannan tudu don ta huta, ni kuma na kore ta a kan sidi shida. Kowane tashi na banza yana cin kitsen da za ta koma gida da shi. Hotunan tashin sun yi kyau, biyu daga ciki sun fi duk abin da na ɗauka. Ba sa bangonmu. Na zaune mai zobe shi ne na bakwai.

Dare na uku muka bi wani ma'aikacin kula da namun daji yawon neman kififiyar teku, domin daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu ne suke fitowa yin ƙwai a wannan gaɓa. Doka ta hana kashe su, mutanen Ada kuma tun kakanni suna ƙyamar cin namansu. Kafin mu tashi ya ce ba tocila sai tasa mai jan haske, ba surutu, ba filashin kyamara. Ya ce farin haske yakan sa uwar ta fasa ta koma ruwa, 'ya'yan kuma in sun ƙyanƙyashe haske suke bi su sami teku, fitilar gari takan ja su zuwa halaka. Muka yi ta tafiya cikin yashi mai nutsewa har ƙafafuna suka yi nauyi. Wajen ƙarfe ɗaya ya tsaya cak, ya nuna wata sawu da ta fito daga ruwa kamar an gungura tayar tarakta.

Ƙaramar irin ce, bayanta bai fi santimita 70 ba, ba ƙatuwar nan mai bayan fata da takan kai mita biyu ba. Muka tsuguna a bayanta. Tana haƙa da ƙafafun baya, wannan ta ɗebo yashi ta watsar, wancan ta ɗebo, a natse kamar mace tana kwasar tuwo, har ramin ya kusa rabin mita. Sa'an nan ƙwai suka fara faɗowa bibbiyu, uku-uku, farare masu laushin ɓawo, kamar ƙwallon tebur. Takan zuba wajen ɗari. Hawaye yana gangarowa daga idonta. Ba kuka ba ne, gishirin jikinta take fitarwa. Ma'aikacin ya raɗa mana cewa sai bayan mako bakwai ko takwas za su fito, zafin yashi ne kuma zai yanke ko maza ne ko mata, in ya yi zafi sosai mata za su fi yawa.

Na ɗaga kyamara. Kun tuna na ce ku riƙe maganar 5.6? Madubin albashin wata uku bai ga komai ba. Ya yi ta kai da komowa yana neman abin da zai kama, ya rasa. Na ƙara ƙarfin jin haske har ƙarshe, abin da ya fito jan hazo ne kawai. Maɓallin filashi yana nan gefen hagu, babban yatsana yana kansa. Ma'aikacin ya juya yana magana da surukina. Na yi tunanin kwanon ɗakin girki, na yi tunanin 'yan aji biyar, na ce a raina ta riga ta fara zubawa, walƙiya ɗaya me za ta yi mata. Ba zan ce muku tsoron doka ko ilmin halittu ne ya hana ni ba. Fuskar dattijon nan mai taru ce ta faɗo mini. Na sauke kyamarar, na rufe mata baki, na zauna a kan yashi na yi kallo da idon da aka haife ni da shi. Da ta gama ta tura yashi ta rufe, sa'an nan ta shiga ɗaga jikinta tana buga ƙasa, dama da hagu, tim, tim, har ina jin bugun a cinyata. Ta watsa yashi ko'ina don ta ɓatar da wurin, ta juya, ta ja jiki zuwa ruwa. Igiya ta farko ta rufe ta rabi, ta biyu ta tafi da ita.

Da gari ya waye na koma ni kaɗai. Hazon hunturu ya sa rana ta fito ja, haskenta yana kwance a kan yashi, kowane zane ya yi inuwa. Na mai da madubin 70, na ɗauki sawun fitowa da na komawa, da kumfar teku tana cin ƙarshensu. Kusa da wurin akwai leda baƙa da fara birjik, waɗanda ƙatuwar kififiya takan haɗiya tana zaton abincinta ne; na bar su cikin hoton, ban kauce musu ba. Shi ne na goma sha ɗaya.

Cikin hoto 1,400 da 'yan kai, goma sha ɗayan nan ne na ga sun isa a wanke. Damina ta 2023 ta same mu ba kwano, uwargida ta yi girki a ƙarƙashin tamfol har watan Agusta, ba ta kuwa bar ni na manta ba. Madubin ma bai fita lafiya ba: na bar shi cikin jaka da ɗanshin teku, bayan wata biyu na ga wani abu kamar saƙar gizo ya tsiro a cikin gilashin, sai da mai gyara ya buɗe shi. Yanzu yana zaune cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan ɗanshi da ake samu a kwalin takalmi.

Ranar da na manna hotunan, wani yaro ɗan aji huɗu ya daɗe a gaban na ƙarshe, ya juyo ya ce, "Malam, ina dabbar?" Na ce ta koma ruwa. Ya ce, "To, yaya girmanta?" Na ce ya je ya ɗauko ma'aunin mita a kabad, akwai takalmina a gefen sawun, lamba 43 nake sawa, ya auna ya lissafa ya kawo mini amsa ran Litinin. Ya kawo santimita 74.